Ruwan Wardi a Ƙasar Arewa: Tarihin Wani Baƙon Ƙamshi

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan shafa a kasuwar Dogon Dutsi, ko ta Tibiri, ko ta Matankari, zai ga wasu ƴan kwalabe na roba jere tsakanin sabulai da mayuka, an zana jan fure a jikinsu, an rubuta suna da Larabci da Faransanci ko Ingilishi. Ruwan wardi ke nan. Ƴan mata kan saye shi su goge fuska da auduga safe da dare, masu gyaran amare kan kwaɓa kurkur da dilka da shi, wasu iyaye mata kuma kan gauraya shi da gilisarin saboda kaushin hunturu. Kuɗinsa bai fi ƙarfin ƴar kwaleji ba. Sai dai furen da aka zana a jikin kwalbar ba a noma shi a Dallol Mawri, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 ƙamshinsa a ƙasar Hausa sai gidan sarki. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya sauka ya zauna. Sanin inda ya fito, da hanyar da ya biyo, da abin da ya tarar a hannun matan Arewa, shi zai nuna aikin da aka san shi da shi tun fil azal, da kuma aikin da ake neman ɗora masa a yau.

Asalin furen da ruwansa

Kalmar wardi aro ce daga Larabci, inda "ward" ke nufin fure, musamman wannan mai ƙaya da ƙamshi. Irin da ake tatsa shi ne wanda aka laƙaba wa sunan birnin Dimashƙa. Yana son ƙasa mai tudu da sanyin hunturu, kuma sau ɗaya yake fure a shekara, tsakanin Afrilu da Yuni gwargwadon ƙasa. Wato a daidai lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Dutsi, a lokacin ne manoman Kashan a Iran, da na Kalat Maguna a Maroko, da na Isparta a Turkiyya, da na Kazanlak a Bulgeriya suke sammako su tsinke furen tun rana ba ta fito ta kwashe ƙamshin ba.

Yadda ake tatsarsa bai sauya sosai ba. Akan zuba furen da ruwa a babbar tukunyar tagulla, a rufe ta ruf, a hura wuta a ƙarƙashi. Tururin da ya tashi sai ya bi wani bututu da aka ratsa da shi ta cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin tulu. Idan ya kwanta, ɗan mai kaɗan yakan taso sama, shi ne man wardi. Abin da ya rage a ƙasa shi ne ruwan wardi. Sai an tatsi furen da ya kai tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya na man, kuma daga nan tsadarsa ta samo asali.

Malaman daular Abbasiyya ne suka rubuta wannan sana'a suka kyautata ta. Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya bar littafi a kan harhaɗa turare da tatsarsa, mai ɗauke da hanyoyi fiye da 100. Ibn Khaldun kuma, a cikin Muƙaddima, ya kawo jerin harajin zamanin halifa Ma'amun (813 zuwa 833), inda lardin Farisa ke aika kwalba 30,000 ta ruwan wardi Bagadaza kowace shekara, ban da kuɗi. Har harshen Faransanci yana ɗauke da sawun wannan tarihi: "alambic", sunan tukunyar tatsa, daga Larabcin "al-anbiƙ" ya fito, "julep" kuma daga Farisancin "gulab", wato ruwan wardi. A waɗannan ƙasashe ana sa shi a abinci, ana wanke ido da shi, ana yayyafa wa baƙo a hannu, ana sanyaya fuska da shi. Har yau da ruwan Zamzam gauraye da ruwan wardi ake wanke cikin ɗakin Ka'aba, kuma garin Ɗa'ifa, a kan duwatsun da ke kusa da Makka, ya shahara da noman furen.

Hanyar Sahara

Man ne ya fara isowa ƙasar Hausa, tun kafin ruwan. Dalilin a fili yake ga wanda ya san ayari. Tafiya daga Tarabulus zuwa Kano ta Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram watanni take ci, kuma raƙumi ba ya ɗaukar kaya mai nauyi mai arha. Ruwan wardi yana da nauyi, yana kuma lalacewa cikin zafi, alhali ƴar kwalbar man da za a ɓoye a aljihu ta isa a yi wa sarki gaisuwa da ita.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851 da sunan Abdulkarim, ya lissafa kayan da ake shigowa da su kasuwar birnin. Ya ƙiyasta kayan ƙamshi irin su jawul da sumbul da kanumfari a kan wuri miliyan 15 a shekara, man wardi shi kaɗai kuma a kan wajen wuri miliyan 40. A canjin lokacin, na wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya, wannan ya kama dala 16,000. Ya ƙara da cewa kaɗan ne daga cikin man ke shiga kasuwa: yawancinsa a ɓoye ake sayar wa sarakuna da manyan gari, ko a kai musu kyauta. Ke nan wardi a wancan zamani alamar mulki ne, kamar alkyabba da sirdin doki. Talaka ya san sunansa, yakan kuma ji ƙamshinsa idan mai sarauta ya gifta.

Ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da Gubawa da ke kwance a Dallol Mawri, ba ta kan wannan babbar hanya ta Sahara. Hanyoyin da suka kusance ta su ne na fataken goro masu bi ta Sakkwato da Jega su nufi Gwanja, da na masu ɗaukar gishirin Foga daga kudu. Bugu da ƙari, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sarakunan Arewa sun yi ƙawance da Kabi wajen yaƙi da Gwandu da Sakkwato, abin da bai sauƙaƙa zirga-zirga ba. Ƙananan kayan ado da suka shigo Matankari da Tibiri, irin su madubi da allura da duwatsun wuya da kwalli da kanumfari, a kan ƴan koli suka shigo, kasuwa bayan kasuwa.

Abin da baƙon ya tarar

Ƙarancin kayan waje bai bar matan Arewa hannu sake ba. Suna da iliminsu na gyaran jiki, wanda suka gina a kan abin da daji da fadama ke bayarwa. Da sabulun salo ake wanka, ganyen magarya kuma a daka a wanke kai da shi. Man shanu da man gyaɗa da man kaɗe su ne maganin kaushi da faso. Lalle na hannu da ƙafa ne, kwalli na ido, katambiri na zanen fuska, shuni na kitso, goro da furen taba na haƙora. Ƙamshi kuwa daga saiwar kajiji da jema yake fitowa, da ƙaron hano da ake jefawa a garwashi, mace ta tsuguna ta turara zane da jiki. A kan wannan fuska da aka gyara akwai tsagar Arawa, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne, wadda ke faɗin asalin mai ita kafin ta buɗe baki.

Abu biyu ya kamata a lura da su a cikin wannan jeri. Na farko, duk kayan nan ƙari ne a kan fata: suna wanke ta, su tausasa ta, su ba ta sheƙi da ƙamshi, su yi mata zanen da zai goge bayan kwanaki. Babu ko ɗaya da aka nufa da sauya launin da aka haifi mutum da shi. Yabon mace da baƙa mai sheƙi, ko wankan tarwaɗa, ko fara, duk yabo ne, matuƙar jikin ya sha gyara. Na biyu, ilimin yana da masu shi. Kaka da gwaggo da uwar ɗaki su ke koyar da shi, a lokutan da al'ada ta tsara: sa lalle da wankan amarya, wankan jego, kwalliyar suna da ta salla. Yarinya ba ta shafa abin da babbar mace ba ta gani ta sani ba.

Ƙamshi a Arewa bai tsaya ga ado ba. Ƙasar Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ta daɗe tana riƙe da addinin gargajiya, kuma a wasan bori turare na cikin abin da ake tarbar iskoki da shi. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a 1988, ta yi rubutu a kan Mariya, iskar da aka sani da son sukari da turare da kwalliya. Da Musulunci ya game ƙasar a cikin ƙarni na 20, shi ma ya zo da nasa matsayin ga ƙamshi: turaren Juma'a da na idi, da wanda ake sa wa likkafani. Saboda haka duk wani sabon ƙamshi da ya shigo ya tarar an riga an share masa wuri, tun daga ɗakin mai jego har zuwa makara.

Kanti, hajji da kwalta

Ƙarni na 20 ya karya tsohon tsari. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, kuma a 1906 Faransawa suka mai da mazaunin mulkinsu na yankin Dogon Dutsi, garin da a da bai kai Matankari ba. Iyakar da aka shata tsakanin Faransa da Ingila ta raba Arawa biyu, wasu a nan, wasu a wajen Kangiwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Tarabulus ya mutu a hankali, kaya suka koma shigowa ta teku. Kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, turare ya fara zuwa cikin ƙananan kwalabe masu arha.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar a 1920. An haɗa shi da mai, babu barasa a ciki, don haka Musulmi suka karɓe shi ba tare da ƙyama ba, daga baya ma aka riƙa yin sa a Kano. Da irin wannan kwalba ne ƙamshin waje ya fita daga fada ya shiga lefen ƴar manomi. Matan ƙasar ba su yar da kajiji da jema saboda shi ba. Zuba shi suka yi a cikin haɗin turaren wuta da humra, ya zama ɗaya daga cikin kayan haɗi.

Hanya ta biyu ita ce hajji. Mutanen da ke tafiya Makka a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan sukan yi shekaru, wasu su dawo da al'adun matan can, waɗanda suka ƙware a dilka da halawa da humra. Da jirgin sama ya rage tafiyar ta koma ta makonni, tsarabar alhazai ta yawaita: Zamzam da dabino da tasbaha da kwalli da turare, har da kwalaben wardi. Wannan ya ƙara wa wardi wata daraja, ta abin da ya fito ƙasa mai tsarki.

Hanya ta uku ita ce kwalta. Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Dutsi ta nufi Ƙwanni da Maraɗi, tare da kasuwannin iyaka irin su Kamba da Bacaka, ta sa kaya mai nauyi mai arha ya zama abin riba. Abin da raƙumi ya ƙi ɗauka, babbar mota ta ɗauko. Faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta tsananta tsadar kayan Faransa, ƴan kasuwa suka ƙara karkata ga Najeriya da Dubai da Indiya da Sin. Ta waɗannan hanyoyi ne ruwan wardi na kwalbar roba ya cika tebura.

A cikin shekarun 1990 ɗin nan ne kuma wa'azin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ya yi ƙarfi a Dutsi, aka shiga muhawara a kan hijabi da kayan ɗaki da tsadar aure, kamar yadda Masquelier ta bayyana a littafinta na 2009 a kan mata da farfaɗowar addini a garin. Malamai sun ja kunnen mata game da fita da turare mai tashi. Ruwan wardi, da yake ƙamshinsa mai sanyi ne mai saurin gushewa, kuma na ainihin babu barasa a ciki, bai shiga wannan rigima ba.

Kwalbar yau

Abin da ruwan wardi ke yi wa fata sananne ne, kuma ba shi da yawa. Yana sanyaya fuska, yana ɗauke ƙura da maiƙo, yana ɗan lafar da ja da ƙaiƙayi, yana barin ƙamshi. Idan aka haɗa shi da gilisarin, gilisarin ɗin ne ke riƙe damshi a fata lokacin hunturu. Ba ya warkar da ƙyasfi ko makero, ba ya kuma sauya launin kowa. A tsawon shekaru fiye da dubu da aka yi ana tatsarsa, sanyi da tsabta da ƙamshi aka nema a wurinsa.

Matsala ta farko ita ce, da yawa daga kwalaben masu arha ba su taɓa haɗuwa da fure ba: ruwa ne da ƙamshin da aka harhaɗa a masana'anta, wani lokaci da barasa da launi. Na ainihi garau yake kamar ruwan sha, ƙamshinsa ba ya hawa kai, ba ya kuma jure zaman rana a kan tebur. Wanda aka ga ya yi ja ko ruwan hoda, rini aka sa masa.

Matsala ta biyu ta fi girma. A cikin haɗe-haɗen da ake tallatawa ta wayar salula da sunan "hasken fata", ruwan wardi ya zama abin kwaɓi da abin ɓoye wari. Abin da ke yin aikin a ƙarƙashinsa shi ne hidirokinon, ko magungunan kwartikoyid masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, ko zaiba. Illolinsu a rubuce suke a littattafan likitanci: hidirokinon kan bar baƙaƙen tabo da ba sa fita, kwartikoyid kan sirantar da fata ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya kuma iya tayar da hawan jini da ciwon sukari, zaiba kuwa takan taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kai har ga ɗan da ke ciki ko a nono. Tarayyar Turai ta hana hidirokinon a kayan shafa tun 2001, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Gana ta bi sahu a 2016, yarjejeniyar Minamata ta 2013 kuma ta sa wa zaiba iyaka a kayan kwalliya. Duk da haka kayan na ratsa iyakoki. Mai sayarwa ya san cewa uwa ba za ta tsorata da sunan wardi ba, tunda sunan Makka da gidan sarauta ne, don haka shi yake sawa a gaba. Garin neman gira ake rasa ido.

A nan ne bambancin jiya da yau ya fito. Shigowar kayan waje ba sabon abu ba ne a Arewa: kanumfari baƙo ne, jawul baƙo ne, Bint el Sudan baƙo ne, kuma duk an karɓe su an sa su a ƙarƙashin ƙa'idar gida. Abin da ya sauya shi ne mai koyarwa. A da haɗin na bi ta hannun tsohuwar da za ta ga amaryar gobe da jibi, wadda kuma za a tuhuma idan fata ta ɓaci. Yanzu yana zuwa daga bakin wadda ba a san garinsu ba, kai tsaye zuwa wayar yarinya, ba tare da ya bi ta tsakar gida ba.

Kammalawa

Akwai aikin da ya dace da malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wadda aka ɗaga ta zama gunduma a 2011. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin sarautun Mawri a 1970, amma tarihin abin da ke cikin kwallar kaka da tandun kwallinta yana bakin tsofaffin mata, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Malamin Hausa na iya tura ɗalibansa na Kiyeshe ko Dumega ko Kore Mairuwa su tambayo kakanninsu sunayen saiwoyi da ganyaye, da yadda ake haɗa su, da lokacin da ake amfani da kowanne, a rubuta a ajiye. Malamin Faransanci na iya kawo kwalba uku daga kasuwa a karanta jerin abin da ke ciki tare da ƴan aji, domin yawancin masu saye ba su taɓa juya kwalbar sun duba bayanta ba. Malamin kimiyya kuma na iya nuna tatsa da buta da bututu da ganyen tsabre, ɗalibai su ga da idonsu yadda tururi ke ɗauko ƙamshi. Ƙungiyoyin mata na iya gayyatar masu gyaran amare da unguwarzoma da ma'aikatan lafiya su zauna wuri ɗaya, tunda su ne ke ganin fatar amarya kafin biki da bayansa.

Yarinyar da ta san cewa kwalbar da ke hannunta ta biyo hanyar Farisa da Bagadaza da Gadamas da Kano, ta kuma san abin da kakarta ke shafawa kafin kwalbar ta iso, za ta goge fuskarta da ruwan wardi don sanyi da ƙamshi, kuma idan aka miƙo mata haɗin da aka ce zai mai da ita fara cikin mako biyu, za ta tambayi abin da aka zuba a ciki.